Gurbin Sunan Uba

Ranar Alhamis da hantsi aka manna jerin sunayen a bangon asibitin Santa Rufina. Takarda huɗu, mutum tamanin. Su ne waɗanda likitocin ido za su cire wa yanar ido idan sun iso daga La Paz ranar Litinin. Sau ɗaya suke zuwa kwarin a shekara, su yi kwana huɗu su koma. Wanda bai shiga cikin tamanin ɗin ba, sai ya ci gaba da laluben bango har baɗi.

Noemí Ayaviri ta tsaya a tagar ofishin kwamfuta tana kallon mutane suna bin takardun da yatsa. Ita ta fitar da jerin, watanta biyar da kama aiki. Ma'aikatan jinya sun shafe wata uku suna hawa tsaunuka suna gwada idanun tsofaffi, aka zuba sakamakon a tebur guda cikin rumbun bayanan asibitin. Rajistar marasa lafiya kuwa, mai ɗauke da ƙauyen kowa da lambar wayar da za a same shi, tana wani teburin daban. Noemí ta rubuta wa kwamfuta tambaya mai layi goma sha huɗu wadda ta haɗa teburan biyu, ta jera mutane daga wanda ganinsa ya fi lalacewa zuwa mai dama-dama. Da yake rabin tsofaffin ba su zo wurin gwaji da katin shaida ba, sai ta haɗa su da suna, da sunan dangin uba, da sunan dangin uwa, da ranar haihuwa. Inda huɗun nan suka zo daidai a teburan biyu, mutum ɗaya ne.

A da, Doña Casilda ta ɗakin fayil ce take wannan aiki da rula da jan biro. Mako biyu take yi, kuma ko ta ƙi ko ta so sai wani kansila ya leƙo ya ce a duba masa surukarsa. Bana daƙiƙa biyu aka yi. A taron ma'aikata Noemí ta miƙe, kanta a sama, ta ce daga yau an daina leƙe, domin kwamfuta ba ta tambayar mutum wane ne ubansa. Wasu suka tafa, wasu suka taɓe baki. Ta ji daɗin duka biyun.

Tana nan tsaye Doña Casilda ta turo ƙofa, tabarau a kan hanci.

"Injiniya, kina da baƙuwa."

"Ni ba na ganin marasa lafiya, Doña Casilda."

"Ita ma ba ta ganin ki, kun yi daidai. Taso."

A kan bencin da ke bakin ɗakin magani wata tsohuwa take zaune, hularta a cinya, kitsonta biyu sun yi fari fat. Idanunta kamar an ɗiga musu madara. Sunanta Eulogia Huanca. Tafiyar awa huɗu ta yi a bayan babbar mota tare da maƙwabciyarta mai sayar da cuku, wadda ta karanta mata takardun nan huɗu sau biyu, ta zaunar da ita, ta wuce kasuwa.

"Mamita, sunanki ba ya ciki," in ji Noemí da Sifaniyanci. "Ma'anarsa akwai mutum tamanin da suka fi ki buƙata."

Tsohuwar ta juya kai wajen muryar, ta amsa da Kechua, harshen mutanen tsaunukan. "Waɗanda suka fi ni rashin gani suna maƙabarta, 'yata. Su ma za a yi musu aikin?"

Doña Casilda ta yi tarin da ba tari ba ne. Tun da Noemí ta fara aiki a asibitin nan ba ta taɓa yin Kechua a cikinsa ba, sai a rumfar mahaifiyarta a kasuwa. Ta ɗan dubi hagu da dama, ta durƙusa, ta juya harshe.

"An gwada ki kuwa?"

"Lidia ta gwada ni, ma'aikaciyar jinya mai ƙaramar fitilar nan. Wai in ƙirga yatsunta. Na ce ai sai ki fara gaya mini inda hannun yake."

Ta zura hannu cikin rigarta ta zaro koriyar takarda wadda ta sha ninki har ta yi laushi. Noemí ta buɗe. Ido na dama, haske kawai take gani. Na hagu, haske kawai. Babu makin da ya kai wannan muni. Mai irin wannan takarda ya kamata a same shi cikin goman farko.

"Shekara uku ban taɓa masaƙa ba," in ji Doña Eulogia. "Akwai bargon da na fara wa jikata tana budurwa. Ta yi aure, ta haihu, yana nan rabi. Motar ƙauyenmu ƙarfe huɗu take tashi. Abu ɗaya nake so ki gaya mini kafin nan: in dawo, ko kar in dawo. Ba ni da ƙafar zuwa sau biyu a banza."

"Wataƙila ba a shigar da takardarki ba ne," in ji Noemí, idonta ya zame wajen Doña Casilda.

"Ɗauke idonki daga kaina, yarinya. Shekara ashirin da shida ban ɓatar da ko kan sarki ba."

Gaskiyarta ne. Noemí ta koma ofis ta nemi sunan a teburin gwaji, ga shi. Ta nema a rajista, ga shi. Ta jera layukan biyu tana kallo, harafi da harafi iri ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya. Ta sake tura tambayarta. Babu Eulogia Huanca. Ta sake turawa. Ta sake.

A wurin zamansa, shugaban ofishin yana cin salteñarsa ta ƙarfe goma, irin sambusan nan mai nama da romo a ciki, ya sunkuya gaba don kar romon naman ya ɗiga masa a riga. Kowa Inge Zeballos yake kiran sa, wato injiniya, alhali bai taɓa shiga jami'a ba. A kan aiki ya koyi komai, tun zamanin da kwamfutar asibitin guda ɗaya ce ana lulluɓe ta da zane. Wannan suna yana ci wa Noemí rai, ita da ta yi shekara biyar kafin ta karɓi takardar. Shi ma ya san haka, shi ya sa yake kiran ta Injiniya ta gaske.

"In kin danna sau na huɗu, wataƙila ta ji tausayinki ta canza amsa," in ji shi.

"Tambayar daidai take, Inge."

"Ban ce ba daidai take ba. Mutum nawa suka shiga, nawa suka fito?"

"Tamanin."

"Tamanin kika yanka daga sama. Kafin ki yanka fa?"

Ba ta ƙirga ba. Ta ƙirga teburin gwaji: ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta cire yankan, ta ƙirga abin da tambayarta take fitarwa: ɗari uku da tamanin da ɗaya.

Inge Zeballos ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya jawo kujerarsa kusa da ita. "Talatin da ɗaya sun faɗo a hanya, motar kuma ko ƙara ba ta yi ba. Halinta ke nan. Ba za ta taɓa ce miki ta zubar da mutum ba, tunda ba ki tambaye ta ba. To, juya haɗin. Ki ce ta kawo miki duk wanda ke teburin gwaji, ko ya sami abokinsa a rajista ko bai samu ba. Sannan ki tace, ki bar waɗanda ɓangarensu na rajista ya fito wayam. Marayu nake kiran su."

Kalma ɗaya ta canza, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa. Layuka talatin da ɗaya suka cika allon. Ba sai an nuna mata ba. A gurbin sunan dangin uba, daga sama zuwa ƙasa, kalma ɗaya ce take ta maimaita kanta da dusasshen rubutu: NULL, NULL, NULL. Ɗazu da layi biyu ne kawai, idonta ya tsallake ta kamar yadda mutum yake tsallake tabon da ke jikinsa.

"Wannan ba sifili ba ne," in ji Inge, muryarsa ta sauka. "Ba kuma fili ba ne. 'Ban sani ba' yake nufi. Kika tambaye ta, uban wannan da uban waccan ɗaya ne? Nan ta ga ban sani ba, can ta ga ban sani ba. Ba za ta ce miki e ba. Duk wanda kuma ba ta ce e a kansa ba, sai ta sauke shi."

"Na sani," in ji Noemí. "A shekara ta biyu aka koya mana. Ni na zo ta ɗaya a jarabawar."

Ta sani tun kafin jarabawar. Malamarsu ta aji ɗaya tana kiran kowa da sunan dangi biyu, na uba sannan na uwa, in ta zo kanta sai ta ce "Ayaviri", ta ɗan dakata kamar mai jiran sauran ya ƙaraso. Yara su yi dariya. Mutumin da ya kamata ya je ofishin rajista ya sa hannu bai je ba, mahaifiyarta Doña Remedios kuma ba ta roƙe shi ba. Da kunun masara mai zafi da take sayarwa a ƙofar kasuwa tun asuba ta kai Noemí har jami'a. Ko da aka zo fitar da takardar digiri, fom ɗin kwamfuta ya ƙi wucewa, yana ta nuna mata jan rubutu a gurbin nan. Wani akawu ya ce ta rubuta Ayaviri sau biyu kowa ya huta. Ta ce ba za ta yi wa na'ura ƙarya don na'ura ta ji daɗi ba. Wata huɗu ta yi tana hawa bene tana sauka, abokan karatunta har sun kama aiki, kafin takardar ta fito da suna ɗaya tal, yadda yake. Tana rataye yanzu a rumfar Doña Remedios cikin gilashi, sama da tukunya.

Ga shi yau da hannunta ta gina ƙofar da ita kanta ba za ta iya wucewa ta ciki ba.

Ta jira Inge ya tuna mata maganar da ta yi a taro. Shi kuwa allon ya zuba wa ido. Doña Casilda ce, wadda ba wanda ya ji shigowarta, ta leƙo ta saman kafaɗarsu.

"Ashe dai tana tambayar uban mutum," ta ce a hankali.

"Ba ita ta tambaya ba," in ji Noemí. "Ni na sa ta."

Ta gyara zama. Ta rubuta cewa duk inda aka tarar da NULL a gurbin uba, a teburan biyu, a ɗauke shi a matsayin fili kafin a gwada. Ta tura. Mutum goma sha tara suka dawo, Eulogia Huanca ta haye ta zauna a lamba ta uku. Ƙirga ya koma ɗari huɗu cif.

"Ga tsohuwarki ta fito," in ji Inge.

"Saura goma sha biyu."

Waɗannan sun fi wuya. A teburin gwaji akwai wani Tiburcio Colque Colque, a rajista kuma Tiburcio ne mai ɗan layi a gurbin uba, Colque a gurbin uwa. Wata an sa mata ɗigo. Wani an ɗauke sunan uwarsa an kai gurbin uba, aka bar na uwar babu komai.

Doña Casilda ta ture tabarau ta fara bin su da farce. "Wannan mai suna biyu aikin Lidia ne. Ba ta iya ganin gurbi a buɗe, tausayi yake ba ta, sai ta maimaita na uwar don kar mutum ya ji kunya in an kira shi a bainar jama'a. Ɗan layin nan na mai rajistar ƙofa ne. Mai juya gurbi kuwa wancan da ya yi ritaya ne, shi a ganinsa gurbin farko bai kamata ya zauna a buɗe ba."

"Ɗigon fa?"

"Ɗigon nawa ne. Tsohuwar manhajar ba ta barin a wuce sai an sa wani abu. Me kike so in sa, hoton uban?"

Noemí ta ja madannan gabanta. "Bari in share su duka in mai da su iri ɗaya. Umarni ɗaya ne."

Inge ya ɗora tafin hannunsa a kan teburin. "Da umarni ɗaya aka taɓa mai da duk matan rajistar nan 'yan shekara arba'in da biyu. Kar ki tambaye ni wanda ya yi. Fara kwafe rumbun ki ajiye, ki buɗe kwafin ki tabbata yana buɗuwa. Sannan kar ki taɓa sunan kowa. Akwai masu Colque Colque na gaskiya, uba Colque uwa Colque, za ki cire musu uban da suke da shi. Ki yi ƙaramin tebur na uku: lambar mutum a gwaji, lambarsa a rajista. Daga yau da lamba za ki riƙa haɗawa. Suna na mutane ne, ba na haɗa tebur ba."

Ta kwafe rumbun.

Ba su fita cin abincin rana ba. Doña Casilda ta kai wa tsohuwar miyar gyaɗa a kwano daga kicin ɗin asibiti, ta dawo rungume da akwatin korayen takardu. Ɗaya bayan ɗaya suka bi mutum goma sha biyun, Casilda tana karanto ƙauye da ranar haihuwa, Noemí tana nemowa a rajista, Inge yana cewa a sake dubawa. Akwai wasu Felipa biyu 'yan ƙauye ɗaya da aka haifa shekara ɗaya, sai da aka kira Lidia a waya ta ce mai guntun yatsa ce aka gwada. Ƙarfe uku saura kwata, ƙirga ya nuna ɗari huɗu da goma sha biyu a nan, ɗari huɗu da goma sha biyu a can.

Noemí ta sake yanka tamanin daga sama. Cikin talatin da ɗayan da aka zubar, bakwai sun shiga. Ma'anarsa mutum bakwai da sunansu ke manne a bango tun safe, waɗanda sakatariya ta riga ta kira ta yi musu albishir, sun faɗo.

Inge Zeballos ya tashi ya rufe ƙofa. "Saurara, Injiniya. Likitocin nan ba sa ƙin mutum ɗaya. A rubuta tsohuwar da biro a ƙasan takarda ta huɗu, lamba tamanin da ɗaya, a ce an manta. Sauran shidan suna can kan dutse, ba su san an yi kuskure ba. Baɗi su ne a sama. Ke kuma watanki shida na gwaji ya cika lafiya. Ba mugunta nake koya miki ba, na ga yadda ake cin sababbi a wurin nan."

Ta san ba mugunta ba ce. Ta dubi allon. Tiburcio Colque, haske kawai. Felipa mai guntun yatsa, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana bin sa. Ba su zo ba ne don wani ya karanta musu jerin ta waya, suka ce to, haka Allah ya so. Irin mutanen da duk rayuwarsu in an ce babu sunansu ba sa tambayar dalili.

"In na yi haka, Inge, wadda ta iya zuwa ta zauna a benci ce ta samu. Leƙen kansila ke nan, hula kawai aka canza."

Ta buga sabon jerin da tsohon, ta ja layi a ƙarƙashin sunaye goma sha huɗu, ta nufi ofishin shugabar asibiti. Ta kai tsakiyar baranda ta ji takun Inge a bayanta.

"Ba rakiya na zo ba," in ji shi. "Hanyata ce."

Dakta Urquidi ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Noemí ba ta ce na'ura ta yi kuskure ba, ba ta ambaci ɗigon Casilda ko tausayin Lidia ba. Ta ce ta haɗa tebur da suna, ba ta ƙirga ba. Dakta ta ɗaga waya ta kira La Paz, ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta sake roƙo. Ta ajiye.

"Uku za su ƙara, ba ƙari. Huɗu na ƙasa sai baɗi. Gobe sakatariya ta kira su ta ce an samu canji daga La Paz."

"Ba daga La Paz ba ne, Dakta. Ni zan kira su, yau."

Dakta ta dube ta ta saman tabarau. "Kin san lokacin gwajinki bai cika ba?"

"Na sani."

"To. Ga waya can."

Ƙarfe huɗu saura minti ashirin ta iso bencin. Mai cukun ta dawo da kwandonta wayam, tana ɗaura wa tsohuwar mayafi.

"Mamita, ki dawo ran Lahadi da yamma. Litinin da safe ke ce ta uku."

Doña Eulogia ba ta yi murna a fili ba. Ta lalubo hularta ta sa. "Me ya ɓoye ni?"

"Gurbin sunan uba. Naki babu komai a ciki, ni kuma na rubuta abin yadda mai irin wannan ba zai fito ba. Laifina ne."

"Kin ji mutumin nan," in ji tsohuwar, tana magana da maƙwabciyarta. "Shekara saba'in da huɗu bai tsinana mini komai ba, ashe har yanzu yana da hannun tare mini hanya."

Dariya ta kuɓuce wa Noemí, ta ji idonta ya kawo ruwa. "Ni ma ɗaya gare ni, mamita."

"To, ai sai ki riƙe shi da kyau. Kama ni in tashi."

Sauran shidan aka ba gidan rediyon kwari sunayensu, a sanar da Kechua safe da yamma. Sannan Noemí ta zauna gaban wayar sakatariya da sunaye huɗu a takarda.

Ta farko 'yar mara lafiyar ce ta ɗauka. Ta ce, "To, ni zan gaya mata ke nan," ta kashe. Na biyu mai shago ne a ƙauye, ya ce zai isar da saƙo, amma ba shi zai tsaya a zage shi ba. Na uku wani tsoho ne da ya yi ta ba ta haƙuri, wai kar ta damu, ido ɗaya yana ɗan gani, ya gode da ta kira. Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Na huɗu shi ne Don Aurelio Terceros Claure, tsohon shugaban makarantar firamare. Ya bar ta ta gama bayani tsaf, sannan ya fara. Ya riga ya kira ɗansa daga Santa Cruz, yana hanya. Shekara biyu bai karanta jarida ba. Ya koyar da rabin ma'aikatan asibitin nan karatu, yau wata yarinya za ta kira shi ta ce ta yi kuskure, kamar wadda ta zubar da shayi. Noemí ta riƙe wayar tana cewa, "Haka ne, Don Aurelio. Gaskiyarka ne, Don Aurelio." Ba ta nemi ya yafe ba. Ta gaya masa waɗanda suka shiga gabansa haske kawai suke gani, kuma baɗi yana cikin na farko.

"In ina raye. Ba ni cikakken sunanki, zan rubuta ƙara."

"Noemí Ayaviri."

"Ayaviri me?"

Ta ji dakatawar nan ta malamar aji ɗaya, ta taso tun daga shekara ashirin baya ta shigo cikin wayar. A ɗaya gefen ofishin Doña Casilda ta daina jera takardu.

"Ayaviri kawai, Don Aurelio. In faɗo maka haruffan?"

Ya rubuta ƙarar kuwa, shafi biyu, da kyakkyawan rubutun malaman da. Aka sa ta a fayil ɗin Noemí, Dakta ta ƙara mata wata uku na gwaji. Da ta gaya wa mahaifiyarta, Doña Remedios ta ci gaba da juya tukunya, ta ce wata uku ai bai kai huɗun da ta yi a kan takardar digiri ba. Ranar Juma'a Noemí ta ƙara layuka biyu a ƙarshen tambayar, masu ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka fito, su ƙi fitar da jeri in lambobin sun saɓa. Inge ya karanta, ya ce shi da layi ɗaya zai yi, ya miƙo mata rabin salteñarsa.

Cikin bakwai ɗin, shida suka zo a kan lokaci. Tiburcio Colque bai ji rediyo ba sai ranar Laraba, ya iso a ƙafa ana harhaɗa kaya, likitan ya dubi agogo, ya sake wanke hannu.

Ranar Talata da safe, washegarin aikinta, aka cire wa Doña Eulogia bandeji. Noemí ta ce wa kanta takardar sallama za ta kai ɗakin, alhali ba aikinta ba ne. Ta tarar da tsohuwar zaune a bakin gado tana ƙifta ido, tana juya tafin hannunta tana kallo kamar na aro ne.

"Sannu, mamita."

Kan ya juyo wajen muryar kamar kullum, amma wannan karon idon ya biyo shi ya tsaya.

"Ke ce? Da wannan muryar na ɗauka wata ƙatuwa ce. Matso."

Noemí ta matsa. Tsohuwar ba fuskarta ta duba ba. Hannun rigar sanyinta ta kama, wadda Doña Remedios ta saƙa mata a rumfa tsakanin mai saye da mai saye, ta jawo shi dab da idon da aka yi wa aiki, ta bi shi da babban yatsa.

"Wa ya saƙa miki?"

"Mamata."

"Hannunta da kyau. Amma ta tsallake zare ɗaya a nan, kin gani? In aka bar shi, duk layin zai bi shi ya warware." Ta ɗaga kai ta dubi ma'aikaciyar jinya. "'Yata, a asibitin nan babu mai allura ta ɗinki, ba ta tsira wa mutane ba?"

"Likita ya ce kar ki wahalar da idon," in ji Noemí.

"Likita ba shi zai sa rigar ba. Cire ki ba ni."

Noemí ta ajiye takardar sallamar a kan gado, ta fara ɓalle maɓallan.